Katalis ɗin jar laka: abin da na gani bayan wata bakwai ina gwada shi a kan man itace

A kan kantar ɗakin gwajinmu akwai wata kwalba da na hana kowa ya zubar. Man itace ne a cikinta, wanda na tatsa da kaina daga garin katako shekara biyu da suka wuce. Ranar da na zuba shi, gudu yake yi kamar baƙin man inji, yana wani warin hayaƙi mai kama maƙogwaro. Yau in ka kifa kwalbar sai ka ƙirga ashirin bai motsa ba, murfin ƙarfen da aka fara rufe ta da shi kuwa tsatsa ta cinye shi ta ciki. Wannan kwalbar ce ta sa na sayi katalis ɗin da zan yi magana a kansa, wato abin da ake sa wa don ya hanzarta sauyawar sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba, kuma da ita nake auna duk abin da ya yi mini.

Ga wanda bai saba da aikin ba, in aka gasa busasshen itace ko karan gona a zafin digiri 500 a ma'aunin Salshiyos, aka hana shi iskar oksijin, ba ya kamawa da wuta. Farfashewa yake yi, ya rabu uku: gawayi, da gas, da tururi. In aka sanyaya tururin nan kafin daƙiƙa biyu ta cika, sai ya koma wani ruwa baƙi mai nauyi. Wannan ita ce fairolisis mai sauri, kuma manyan na'urori masu kyau suna iya mayar da kusan kashi 70 cikin ɗari na nauyin busasshen itace ya zama wannan ruwan. Mai ake ce masa, amma sunan ya fi shi girma. Kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari nasa ruwa ne tsantsa, kashi 35 zuwa 40 oksijin ne, tsaminsa a ma'aunin pH yana tsakanin 2 da 3, kuma kuzarin da ke cikin kilo ɗaya bai wuce megajul 16 zuwa 19 ba, alhali dizal ya haura 42. Ba ya gaurayuwa da dizal, yana cin ƙarfe, kuma ko a ajiye yake sinadaran cikinsa ba su daina haɗuwa da juna suna dunƙulewa ba. Duk waɗannan cututtukan uwarsu ɗaya ce, wato oksijin. Aikin katalis shi ne ya tare tururin tun yana da zafi, ya fizge masa wani ɓangare na oksijin ɗin kafin ya zama ruwa.

Shekaru na yi ina amfani da ziyolait, wani katalis mai ƙananan ramuka, nau'in da ake kira HZSM-5, wanda kamfanin Mobil ya yi wa rajista a 1972, kuma har yau shi ne ma'aunin da kowa ke gwada sabon katalis da shi. Yana aiki, babu musu. Amma yana da tsada, kunkunniyar kabon tana toshe masa ƙananan ramukansa da wuri, kuma fotasiyam da ke cikin tokar itace yana kashe shi a hankali, mutuwar da ƙonawa ba ta tayar da ita. Don haka da na ji labarin wani ƙaramin kamfani da ke sarrafa jar laka yana sayar da ita a matsayin katalis da aka riga aka shirya, sai na yi odar roba ɗaya mai kilo biyu. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, domin akwai ƙorafi a cikin maganata, kuma ba ɓata musu kasuwa nake nema ba.

Jar laka sharar masana'antar alumina ce, wato farin garin da ake samar da ƙarfen alminiyam daga gare shi. Tun 1888 da Carl Josef Bayer ya fito da hanyarsa, ana dafa dutsen boksait a cikin ruwan soda mai ƙuna, alumina ya narke a tace shi, abin da ya ƙi narkewa ya kwanta. Wannan kwantaccen shi ne jar laka. Tsatsar ƙarfe ce ta fi yawa a cikinta, ita ce ta ba ta launin, sai ragowar alumina, da silika, da taitaniyam, da farar ƙasa, da sodar da ba ta wanku ba. Duk tan ɗaya na alumina yana barin tan ɗaya zuwa ɗaya da rabi na lakar, kuma duniya tana tara fiye da tan miliyan 150 a kowace shekara, mafi yawa a cikin manyan madatsai. A ranar 4 ga Oktoba 2010 bangon ɗaya daga cikin irin waɗannan madatsai ya fashe a Ajka ta ƙasar Hangari, laka kusan kyubik mita miliyan ɗaya ta malale ta bi ta ƙauyen Kolontár da garin Devecser, mutum goma suka rasu, fiye da ɗari suka ji rauni, da yawansu ƙunar soda ce. Hotunan gidajen nan da jan layi a jikin bangonsu, daidai inda lakar ta tsaya, ba su bar zuciyata ba. Na faɗi wannan ne don a san da son zuciya na shiga gwajin: ina so abin ya yi aiki. Shi ya sa ma na ƙara matsa masa.

Tunanin ba sabo ba ne. Jamusawa sun yi amfani da wannan sharar a matsayin katalis wajen mayar da kwal ya zama mai ta hanyar Bergius tun kafin yaƙin duniya na biyu ya ƙare. A zamaninmu kuma, ƙungiyar Marcel Schlaf a Jami'ar Guelph ta Kanada ta nuna tun 2010 cewa jar laka tana rage tsamin man itace, sannan ƙungiyar Foster Agblevor a Jami'ar Jihar Utah ta Amurka ta sa ta a cikin tukunyar fairolisis, ta samu mai wanda ya fi ruwa-ruwa kuma ya fi jure ajiya. Abin da ban taɓa samu ba shi ne wanda zai ɗauke mini wahalar wankewa da gasawa da dunƙulewa, ya miƙo mini abin a shirye.

Robar ta iso a rufe da kyau, da leda biyu a ciki. Ƙwayoyi ne dogaye 'yan siri-siri, kaurinsu milimita 3, launin jan bulo. Na sa safar hannu na murza ɗaya tsakanin yatsuna, ba ta fashe ba sai da na danna da ƙarfi, amma a ƙasan ledar akwai garin da ya kai cikin tafin hannu biyu. Takardar da ta zo da shi shafi ɗaya ce. Ta ce an wanke lakar da asid, an sake kwantar da ita, an gasa. Na san hanyar, ita ce ta Pratt da Christoverson ta 1982, inda ake narkar da lakar a asid ɗin haidirokulorik sannan a kwantar da ita da amoniya. Amfaninta biyu ne: tana fitar da mafi yawan sodar, kuma tana buɗe jikin lakar, faɗin fuskar da tururi zai taɓa ya tashi daga 'yan murabba'in mita ashirin ko talatin a kowane giram zuwa sama da ɗari. Ziyolait ya haura ɗari uku, amma ga abin da aka ɗebo daga madatsar shara, wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne. Na jiƙa kaɗan a ruwa na tsoma takardar pH, ta nuna kusan 9. Ɗanyar laka tana kai 12 har 13. Ke nan wankin na gaske ne.

Na'urata ƙarama ce, bututu biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa, ɗaya bisa ɗaya, kowane da tanderunsa. A na ƙasa nake zuba giram 100 na garin katakon da na busar, a na sama na shimfiɗa giram 40 na katalis a kan audugar gilashi, na ajiye shi a digiri 450. Iskar naitirojin ce ke kora tururin ya ratsa ta cikin katalis ɗin ya sauka a kwalabe uku da ke nutse cikin ƙanƙara. Ba ta kai manyan na'urori sauri ba, ruwan da take ba ni ba ya wuce rabin nauyin garin, amma na san halinta ciki da bai, kuma kowane gwaji ina yin irinsa da yashi zalla a madadin katalis, don in ga me zafi kaɗai zai yi.

Tun kafin in auna komai, hancina ya gaya mini an samu canji. Ɗanyen man itace yana da wani tsami mai sa hawaye, na asid ɗin asetik. Wannan karon da na buɗe kwalba ta farko, tsamin ya ja baya, wani ƙamshi mai kaifi irin na sinadarin goge fenti ya fito. Asiton ke nan. Abin da tsatsar ƙarfe da taitaniyam suka iya shi ne su kama ƙwayar asid biyu su haɗa su, su fitar da asiton ɗaya, da ruwa, da iskar kabon dayoksaid. Na saba ratsa gas ɗin da ya ƙi sanyaya ta cikin ruwan farar ƙasa, kuma a wannan gwajin ruwan ya yi fari fat cikin ɗan lokaci, tun kafin na yashi ya fara dusashewa, alamar kabon dayoksaid ya yi yawa ke nan. Wannan ya faranta mini rai ƙwarai, domin ba kowace fitar oksijin ce alheri ba. In ya fita a matsayin ruwa, ya tafi da haidirojin, wanda shi ne dukiyar mai. In ya fita a matsayin kabon monoksaid, kabon ɗaya ya tafi da oksijin ɗaya kacal. In kuwa kabon dayoksaid ne, kabon ɗaya ya yi awon gaba da oksijin biyu, haidirojin yana nan.

Ruwan da ya taru ya rabu gida biyu da kansa: na sama ruwa-ruwa mai launin rawaya, na ƙasa baƙin mai. Ma'aunin pH na na saman ya tashi daga kusan biyu da rabi zuwa kusan huɗu. Wanda bai san ma'aunin ba zai ga kamar ba a yi komai ba, amma kowane mataki ɗaya ninki goma ne.

Sai abin da ya fi komai tsaya mini a rai. Da bututun ya huce na zazzage katalis ɗin a faranti, sai ga shi baƙi ƙirin, babu ko ɗigon ja. Ɗalibin da ke taya ni aiki ya ce, "Malama, ai kunkunniya ta gama da shi." Na ce ya miƙo mini mayen ƙarfen da ke aljihun tebur. Ina kusantar da shi, ƙwayoyin suka yi tsalle suka manne, suka yi cirko-cirko kamar gashin bushiya. Na kai mayen kan sababbin da ke cikin roba, ko ɗaya ba ta motsa ba. Baƙin nan ba kunkunniya ce kaɗai ba. Tururin itacen ya zare wa jar tsatsar wani ɓangare na oksijin ɗinta, jar hematait ta koma baƙar magnetait mai bin mayen ƙarfe, kuma magnetait ɗin ita ce ainihin mai aikin. Ita ce ma ake amfani da ita a masana'antu wajen haɗa kabon monoksaid da tururin ruwa a samu haidirojin. Wato katalis ɗin a cikin aikin yake gama shirya kansa. Takardar kamfanin ba ta ce uffan a kan wannan ba, kuma ya kamata ta ce, domin gwaji na farko a kan sabon katalis ba ya kama da na biyu. Wanda bai sani ba zai yanke hukunci a kan gwajin da bai kamata ya ƙirga ba.

Gwajin da na fi damuwa da shi shi ne na tsufa. Ana rufe mai a kwalba a ajiye shi a digiri 80 na awa 24, abin da masu aikin ke ɗauka a matsayin kusan shekara guda ta ajiya a ɗaki, sannan a auna kaurinsa kafin da bayan. Man da ya bi ta yashi ya fito ya yi kauri fiye da ninki biyu. Na jar laka ya ƙaru, amma kaɗan, har sai da na maimaita gwajin sau uku kafin in yarda. Sinadaran da ke haddasa dunƙulewar, wato ƙananan aldihaid da ragowar sukarin itace, su ne katalis ɗin ya fi farfasawa, asid ɗin da ke zuga su kuma ya ragu.

To, sai dai araha ba ta ado. Man da ya rage bayan an cire ruwan saman ya ragu ainun, domin wani kabon ya tafi a gas, wani ya kwanta a jikin katalis. Na aika samfur wani ɗakin gwaji aka auna mini oksijin: ya sauko sosai, amma bai sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari ba. Dizal kusan babu oksijin a cikinsa. Na zuba man a dizal na girgiza, kafin in ajiye kwalbar sun fara rabuwa. A gefe guda, HZSM-5 a wannan na'urar yana ba ni ɗan mai kaɗan ƙwarai, amma mai haske, mai iyo a saman ruwa, cike da benzin da toluwin da zailin, yana ƙamshin fetur. Jar laka ba ta yin wannan, kuma ba za ta yi ba, domin ba ta da ramuka masu faɗin rabin nanomita da ke ƙera waɗannan sinadarai. Aikinsu daban ne. Ziyolait yana ƙera sabon abu daga ɗan abin da ya tsira, ita kuwa jar laka ladabtar da man take yi, ta bar shi yana nan man itace, amma wanda za a iya ajiyewa, a tura ta famfo, a kai shi matata.

A nan ne ƙorafina na farko yake. A ƙasan takardar an rubuta cewa katalis ɗin yana samar da man da ya dace da injuna. Wannan ba gaskiya ba ce, kuma magana ce mai cutarwa. Ƙa'idojin da ake da su na man fairolisis, ASTM D7544 ta Amurka da EN 16900 ta Turai, duka na ƙonawa ne a manyan tukwanen tururi da murhun masana'antu. Waɗanda suka daɗe a wannan kasuwa ba su yi wa kowa alkawarin fetur ba. Masana'antar Empyro da ke Hengelo a ƙasar Holan a 2015 ta fara sayar da manta ana ƙonawa a tukunyar tururi. Ta Pyrocell da ke Gävle a Suwidin, wadda ta fara aiki a 2021, matatar Preem da ke Lysekil ta riƙa kai wa, a gauraya kaɗan da ɗanyen mai a tace tare. Kamfanin KiOR kuwa, da ya gina masana'anta a Columbus ta jihar Misisifi da alkawarin fitar da man mota kai tsaye daga itace ta hanyar katalis, bai samu yawan man da ya yi alkawari ba, ya durƙushe a Nuwamba 2014, kuma faɗuwarsa ta sa masu zuba jari suka daɗe suna gudun duk wani abu mai wannan suna. Abin da jar laka take yi na gaskiya ya isa a yi talla da shi. Ba ta bukatar ƙari.

Inda ta fi burge ni shi ne wajen farfaɗowa. Bayan kowane gwaji biyu nakan saki iska a hankali a cikin bututun a digiri 550 in ƙone kunkunniyar. A hankali na ce, domin kabon yana ci, magnetait ma tana shan oksijin tana fitar da zafi, in ka saki iskar gaba ɗaya zafin zai yi tsalle ya narkar da ramukan. Bayan awa uku sai ka zazzage ka ga ta koma ja kamar ranar da ta zo. Sau tara na yi haka da zubi ɗaya, ban da cikon da na riƙa yi masa da sabo bayan zagaye na shida, kuma tsamin man da take bayarwa bai koma gidan jiya ba. Ziyolait ɗina a irin wannan zagaye yana raguwa a fili, saboda fotasiyam da kalsiyam na itace suna zama a kan wuraren asid ɗinsa. Jar laka kuwa tun asali da irin waɗannan ƙarafa aka haife ta, ƙarin kaɗan ba ya dame ta.

Ƙarfin aikinta ya jure, amma jikinta bai jure ba. Wannan shi ne ƙorafi na biyu, kuma shi ne ya kusa jawo mana hatsari. A zagaye na shida, ana tsakiyar gwaji, ina rubutu a tebur, sai na ji ɗalibin ya ɗaga murya: "Malama, allurar gejin matsi tana hawa!" Kafin in iso, wani siririn hayaƙi rawaya ya fara fita ta mahaɗin bututun ƙasa, na'urar gano kabon monoksaid da ke bango ta fara ƙara. Na kashe tanderu, na rufe naitirojin, na buɗe bawul ɗin da ke kai gas zuwa bututun fitar da hayaƙi, muka fita waje muka bar fanka tana ja. Alhamdu lillahi ba wanda ya samu ko ciwon kai. Washegari da muka kwance, sai muka tarar kashi ɗaya cikin uku na ƙwayoyin sun zama gari, garin ya haɗu da kwalta ya yi toshiya kamar siminti a kan audugar gilashin. Dalilin a fili yake: kowane zagaye tsatsar tana sauya siffa daga ja zuwa baƙi ta dawo, tana kumbura tana motsewa, kuma abin da aka ɗaure ƙwayoyin da shi bai isa ya riƙe su ba. Tun daga ranar nake tankaɗe katalis ɗin da rariya bayan kowace ƙonawa, in cike gurbin da sabo. Takardar ba ta faɗi ƙarfin ƙwayoyin ba, ba ta kuma yi gargaɗi ba. Duk wanda zai sa wannan kaya a bututu, ya sa geji a gabansa da bawul mai sakin matsi da kansa, kada ya kunna wuta sai da su.

Ƙorafi na uku ya zo da roba ta biyu. Ina buɗe ta na ga launin ya bambanta, ya fi karkata ga ruwan ƙasa, kuma a jikin wasu ƙwayoyin akwai wani farin busasshen gishiri. Na jiƙa na auna, pH ya kai 11. Takardar da ke ciki kuwa kwafin ta farko ce, har da lambobinta. A gwaji, ta ba ni gas da kunkunniya fiye da ta farko, mai kuma ƙasa da nata. Mako biyu na aiki suka tafi ina neman laifin a na'urata, ina kwance mahaɗai ina sake auna zafi, kafin in tabbatar daga kayan ne.

Na kira su, aka haɗa ni da injiniyan da ke kula da sarrafawar. Na ce, "Injiniya, ruwa ba ya tsami banza. Me ya canza tsakanin roba ta farko da ta biyu?" Bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce, "Gaskiya ne, Malama, mun sauya matatar da muke karɓar laka, kuma ba mu gyara yawan asid ɗin wankin ba. Laifinmu ne." Na ji daɗin wannan amsar fiye da yadda zan ji daɗin rangwame. Bayan mako uku ya turo mini sakamakon awon sinadaran robobin biyu, kuma ya nuna abin da na zata: ta biyu ta fi soda da farar ƙasa, ta gaza a ƙarfe. Na gaya masa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma wannan awon bai kamata sai mai saye ya roƙa ba. Jar laka ba abu ɗaya ba ce. Boksait ɗin Gini daban, na Ostareliya daban, na Jamaika da na Indiya da na Girka kowane da halinsa, kuma tsatsar ƙarfe tana iya zama kashi 20 cikin ɗari a wata laka, ta haura 50 a wata. Wanda ya sayi ziyolait ya san abin da ya saya, yau da gobe. Wanda ke sayar da shara a matsayin katalis, babban aikinsa ba dunƙulewa ba ne, tabbatar da cewa na yau ya yi daidai da na jiya ne. In ba zai iya ba, to ya rubuta gaskiyar kowace roba a jikinta.

Don kada in yi wa jar laka hukunci ita kaɗai, na gwada wasu sharar biyu da na niƙa da kaina. Kashin ƙarfe na masana'antar narkar da ƙarfe, wanda farar ƙasa ta yi wa yawa, ya kashe tsami da sauri fiye da ita a gwajin farko, amma shanye kabon dayoksaid yake yi ya koma dutsen farar ƙasa, kuma ba ya sakinsa sai zafi ya kusa digiri 900. Tokar kwal ɗanya kuwa da kaɗan ta fi yashi, domin ƙwayoyinta kamar gilashi suke, babu rami. Sai an dafa ta da soda an mayar da ita ziyolait take amfani, wannan kuma wani aiki ne daban.

Akwai tambayoyi biyu da har yanzu ke damuna, kuma takardar da ta cika baki da kare muhalli ba ta taɓa su ba. Ruwan asid da aka wanke lakar da shi, ina yake zuwa? In an fitar da soda daga laka an zuba ta a rafi, an sauya wa matsalar mazauni ne kawai. Sannan katalis ɗin da ya gama aiki fa? Jar laka tana ɗauke da ɗan kuromiyam da banadiyam da asenik, da ɗan abin da ba a rasa ba na toriyam da yuraniyam. Yawansu ba na firgita ba ne, amma gari ne mai tashi, kuma ni da ɗalibaina muke tankaɗe shi. Ba na barin kowa ya taɓa shi ba takunkumi da tabarau, kuma katalis ɗin da ya mutu a rufaffiyar roba nake tara shi tare da sharar sinadarai. Haka nan ba na so kowa ya ɗauka wannan ce za ta kwashe madatsan duniya. Ko duk masana'antun fairolisis da ke aiki yau sun koma kanta, abin da za su ci bai kai ɗigo ba a cikin tan miliyan 150. Wanda zai ci laka da yawa sai siminti da bulo da fitar da ƙarfe. Ribar da ke nan ta man itace ce: ya samu katalis mai sauƙi da ba ya tsoron toka.

Wanda yake neman benzin da toluwin, ko yake mafarkin zuba abin da ya tatsa a tankin mota, kada ya saya. Wanda kuwa matsalarsa irin tawa ce, man da ke cin famfo yana daskarewa a tanki kafin a kai shi inda za a ƙone ko a tace, ko yake neman shimfiɗar farko da za ta tare asid da toka kafin tururi ya isa ga katalis mai tsada, ya saya, amma ya nemi awon sinadaran robarsa a rubuce, ya jiƙa kaɗan ya auna da kansa, ya tanadi rariya.

Na yi odar roba ta uku a makon jiya, da sharaɗin takardar awo ta riga ta isowa, kuma injiniyan ya ce suna gwada wani sabon maɗauri don ƙwayoyin su daina rugujewa. A kan kantar nan, kusa da tsohuwar kwalbar, na ajiye wata mai ɗauke da man gwajina na biyu da jar laka, da kwanan wata a jikinta. Ranar ɗaya ga kowane wata nake kifa su tare. A wannan watan, na bakwai, sabuwar ta gangaro har wuyan kwalba kafin in ƙirga uku.